Kome da Shahad

A wajen mai tsire na bakin titin Mansur a Makka Mubina ta fara ganinsa. Ta zo sayen na mahaifinta tare da ƙawarta Rawan, sai wani dogon saurayi cikin farar jallabiya ya tsaya ya karɓi ledar hannun Rawan. Ya dubi Mubina, ya tattaro duk Hausar da kakarsa ta koya masa.

"Sannu. Kana lafiya?"

"Kina ake cewa," in ji Mubina tana danne dariya. "Ni ba namiji ba ce."

"Yayana ne, Muhannad," Rawan ta ce. "Ki yi haƙuri da shi, Hausarsa gaisuwa ce kawai, ita ma kin ji yadda take."

Su Muhannad haihuwar Makka ne, jikokin mahajjatan da suka zo ba su koma ba. Ita kuwa Mubina da wayonta ta zo daga Damagaram, bayan mahaifinta Malam Labaran ya kafa keken ɗinkinsa a Mansur. So gamon jini ne, ba ya tambayar harshe. Kafin wata ya ƙare, Rawan ta gaji da kai saƙo ta haɗa su ta waya.

"Malamata, yau na koyi kalma: kewa. Ina kewarki. Daidai ne?"

"Daidai ne, Balarabena. Wa ya koya maka?"

"Ke."

Ranar da ya zo gaida Malam Labaran, ya rantse ba zai yi Larabci ba, don girmamawa. Mubina tana bayan labule tana sauraro. Aka yi gaisuwa, aka tambayi aikinsa na otal a unguwar Jarwal, komai lafiya. Sai ya gyara zama.

"Baba, akwai abin da ba na so in ɓoye. Da can ina tare da Shahad. Mun rabu, shekaru da yawa. Yanzu za mu yi kome."

Malam Labaran ya ajiye kofin shayinsa. "Kome? To, ai ba haramun ba ne. 'Yata ta sani?"

"Ba ta sani ba."

Ai kuwa ta sani yanzu. Mubina ta lallaɓa ɗaki ta kife a gado. Ashe yana da mata da ya saka, har zai mayar da ita, shi ne bai taɓa ko furtawa ba? Ta kashe wayarta, ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Washegari Rawan ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu, ta danna mata waya a hannu. Tsohon bidiyo ne: samari huɗu a wani gidan hutu a bayan gari, ɗaya na dukan ganguna, ɗaya na rera waƙa ido rufe, ga Muhannad siriri da jita a wuya. Kiɗan Turawa ne na rok mai gurnani, da baitin Larabci, amma a ƙarƙashinsa ana jin bugun kalangu.

"Ga matar tasa," in ji Rawan. "Shahad sunan ƙungiyarsu ne. Ya tambayi kakarmu yadda ake cewa an rabu an sake haɗuwa, ita kuma ta ɗauka zancen aure yake."

Mubina ta yi dariya da hawaye a fuska, amma dariyar ba ta je ko'ina ba. Rawan ta ba ta sauran labarin. A ɓoye suke kiɗansu a da, lokacin da babu dandalin da zai karɓe su, har gajiya da saɓani suka watsa su. Yanzu Majid, mawaƙinsu, an gano ciwon daji a maƙogwaronsa. Za a yi masa aikin da zai tafi da muryarsa gaba ɗaya. Abu ɗaya ya roƙa kafin ranar: su huɗun su hau dandali a Jidda, sau ɗaya, a fili.

Ta ɗauka gaskiyar za ta wanke Muhannad a wajen mahaifinta. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

"Makaɗi?" Malam Labaran ya cire tabarau. "Wallahi da matar ce da na fi samun sauƙi. Ban kawo ki maƙwabtan Ɗakin Allah don in miƙa ki ga mai jita ba. Ki gaya masa, in ya taka dandalin nan, kada ya sake tako min matakala."

Mahaifiyarta Batulu ta so sa baki, kallo ɗaya ya mayar da ita madafa.

Da la'asar Muhannad ya kira.

"Habibti, ki ce kada in je, halas, ba zan je ba."

"Kada ka ɗora min wannan, Muhannad."

"To wa zan ɗora wa? Majid ɗan'uwana ne. Ke kuma... ban san kalmar ba."

Ta katse wayar don kada ya ji kukanta. Haushinsa take ji da ya ɓoye mata, tausayinsa take ji, tsoron rasa shi kuwa ya fi duka. Ta san kalma ɗaya daga bakinta za ta riƙe mata shi. Ta kuma san mutumin da za ta riƙe ɗin zai rayu yana tuna ranar da abokinsa ya kira bai amsa ba. Ta yi ta rubutawa tana gogewa, daga ƙarshe ta tura:

"Ka je, Balarabena. Ban san abin da zai biyo baya ba, kuma ina jin tsoro ƙwarai. Amma ka je."

Ya je. Mubina ba ta kalli bidiyon da Rawan ta turo ba, ba za ta iya ba. Malam Labaran bai yi faɗa ba, abin da ya yi ya fi faɗa ciwo: ya mayar da turaren da Muhannad ya kawo masa, ya fara ambaton Hudaifa, ɗan amininsa mai shagon carbi a unguwar Misfala. Hudaifa ba shi da aibu, wannan ne ma abin takaicin. Mubina ta rame, abinci sai an yi da gaske. Saƙon Muhannad na shigowa, ita kuma ta yi wa mahaifinta alkawarin ba za ta amsa ba.

Wata Juma'a bayan an sauko, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani ramammen mutum ne da farin bandeji a wuya. Ya yi sallama da hannu, ya zauna, ya miƙa wa Malam Labaran waya. Malam na jin Larabcin kasuwa, amma waɗannan ƙananan rubutu sun fi ƙarfin idonsa. Dole ya kira Mubina ta karanta ta fassara. Ta tsaya bakin ƙofa, ta fara karantawa.

"Baffa, ni ne Majid. Ni na kira shi. Ya gaya min in ya zo zai rasa Mubina, kuma ya zo, ya kaɗa min yana hawaye. Muryata ta tafi, wannan daga Allah ne, na karɓa. Amma ya rasa ta saboda ni, wannan ba zan iya ɗauka ba."

Malam Labaran ya daɗe yana kallon bandejin.

"Yaya jikin, ɗana?"

Majid ya manta. Ya buɗe baki zai amsa kamar kullum, iska kawai ta fito. Ya sunkuyar da kai. Mubina ta ga mahaifinta ya kawar da fuska yana gyara hular da ba ta karkace ba.

"Shi yana ina?"

Majid ya nuna ƙasa da yatsa. Ashe Muhannad na tsaye a titi cikin rana, bai taka matakalar ba. Aka hawo da shi.

"Jitar fa?" in ji Malam.

"Tana nan, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Malam ya dube shi daga sama har ƙasa.

"To kada kunnena ya ji ta," ya ce. "Ka turo manyanka."

Takardar izinin auren baƙuwa daga hukuma ta ja watanni, amma ta fito. Ranar ɗaurin aure Mubina na cikin mata, lalle bai gama bushewa ba, Rawan ta kawo mata bidiyo daga wajen maza. Liman na addu'a, Allah ya yi albarka, ya haɗa su cikin alheri, ya ba su zuriya ɗayyiba. Malam Labaran ya zaunar da Majid a damansa. Jama'a na amsawa da ƙarfi, shi ma Majid ya ɗaga hannuwa, leɓɓansa na cewa amin, amin, amin.