Shayin Hulbar Zaituna

"Zaituna, ki dube ni! Me Innata ta yi miki?"

Ban taɓa jin muryar Muhsin haka ba. Saura wata guda bikinmu, ga shi tsaye a soron gidanmu na Kazaure da la'asar, ko tabarmar da na shimfiɗa masa bai kalla ba.

"Ni? Wallahi ba komai..."

"Ranar sunan Yaya Nafisat a Roni, da hannunta ta zuba miki dambu. Kika yi loma biyu kika ture kwanon. Yanzu ta ce a dakata da maganar aure, ba za ta haɗa zuri'a da mai ƙyamar abincinta ba."

Sai na durƙusa a kan tabarmar.

"Ba ƙyama ba ce, masoyina. Yunwar ce ba na ji..."

"Kamar yaya?"

Cikin kuka na gaya masa. Sati shida ke nan ina dafa hulba da citta da na'a-na'a, in sha kofi biyu kafin kowane abinci, don cikina ya cushe. Wani lokacin shayin kaɗai ne abincina, ga jiri kullum. Sadiyya, 'yar kawunsa, ita ta kawo mini haɗin, ta ce ta ji Inna tana cewa na cika ƙiba.

"Sadiyya?" Ya dafe kai. "Ai ita ta ce wa Inna kin kira abincinmu na 'yan ƙauye! Tun da Sadiyyar ta nuna tana sona, na ce mata ina da wadda nake so, take fushi da ni."

Ya tsuguna gabana, muryarsa ta yi laushi.

"Haba, hasken idona. Shi ya sa kumatun nan suka zube? Ni fa da su na gan ki, da su na ce ina so."

Dariya ta ƙwace mini, hawaye na zuba.

Washegari Gwaggo Abu, ƙanwar Babana, ta raka ni Roni, gidan su Muhsin. Na durƙusa gaban Inna kaina a ƙasa. Gwaggo ta kwance ƙullin haɗin shayin da muka zo da shi, ta zayyana mata komai.

Inna ta shinshina haɗin. Can ta ce, "A kira mini Sadiyya."

Sadiyya ta shigo, tana ganin ƙullin ta sunkuyar da kai.

"Yaushe na ce yarinyar nan ta yi ƙiba?"

Sadiyya ta kau da kai, Inna ta nuna mata ƙofa.

"Tashi ki ba ni wuri. Ni da ubanki za mu yi magana."

Sannan ta juyo gare ni. "Matso, 'yar nan. Ni ma ina shan hulba, don likita ya ce in rage nauyi saboda gwiwoyina. Amma rabin kofi nake sha, in ci tuwona. Ke wa ya ce ki mai da ita abinci? Da kin faɗi fa?"

"Ki yafe mini, Inna."

"Ni ma na yanke hukunci ban tambaya ba. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ba a ɗaga bikin ko da kwana ɗaya ba. Ranar da aka kai ni, aka zaunar da ni gabanta ina lulluɓe. Ta sunkuyo ta raɗa mini:

"Daga yau, duk abin da aka ce na ce, ki zo ki ji daga bakina, kin ji, 'yata?"