Gidan Fitilar da Ya Ƙi Ɗauruwa

Liao bakanike yana jan ƙofar shagonsa a bayan garin Tainan na ƙasar Taiwan, sai ga wata mace da hular kwano ta turo jan babur. Tayoyin ko ƙara ba sa yi a kan tsakuwa.

"Maigida, ɗaura min gidan fitilar gaba. Inda nake duhu ya yi yawa."

"Sai da na tashi za ki zo?" Ya yi tsaki, amma ya ɗauko sabo ya durƙusa.

Ya ɗora, ya murɗa noti, gidan ya zame. Ya sake, ya zame. Babur ɗin ba nauyi, sai ƙauri da ƙamshin turaren wuta yake yi. Da ya danna da ƙarfi, yatsansa ya huda jikin babur ɗin, ya taɓo takarda da tsinken gora.

Shekara uku ke nan da ya ƙona wa 'yarsa Pei-shan babur na takarda a bakin kabarinta, kamar yadda al'adarsu take, don ta samu abin hawa a lahira. Da hannunsa ya haɗa shi, ya shafa masa ja. Fitila kawai ya manta.

"Baba," in ji muryar cikin hular, "har yau ban ga hanya ba."