Haƙora a Kofin Madara

Ranar da Tessa ta fara ganin Callum, haƙoransa biyu na gaba suna cikin kofin madara. Haka 'yan hokin ƙanƙara suke kawo su, don kada su mutu kafin a mayar. Tana shekarar ƙarshe ta koyon likitancin haƙori a Winnipeg, shi kuma sabon mai tsaron baya ne a ƙungiyar garin.

"Mutum da hankalinsa ya tare faifan da ake bugawa a hoki da fuska?" ta ce.

"Likita, in na kauce, raga zai shiga."

"To sannu, Giɓi."

Haƙoran ba su mayu ba, sai na roba ta yi masa. Sunan kuwa ya zauna daram.

Ran Lahadi yakan kai ta kogin da ya daskare, ya riƙe hannuwanta yana sulɓi da baya, ita tana tangaɗi.

"Ba ka tsoron faɗuwa?"

"Aikina ke nan. Mai tsaron baya ja da baya yake yi, amma ba ya juya baya."

Mahaifinta Orest tsohon ɗan wasa ne, gwiwoyinsa sun gama aiki. Da ya ji labari sai ya girgiza kai.

"Ɗan hoki haja ne, 'yata. Yau yana nan, gobe an sayar da shi. Tambayi uwarki sau nawa ta ɗaure kaya."

"Baba, in ɗaure kaya ne, ina da hannu."

Ba a jima ba maganar tsohon ta tabbata. Aka sayar da Callum ga wata ƙungiya can gabas, su kuma suka tura shi ƙaramin rukuni. Saƙo ɗaya ya turo:

"Likitata, na zama ɗan benci a garin da ko sunansa ba ki taɓa ji ba. Babanki ya yi gaskiya. Kada ki jira ni."

Ta amsa: "Ba kai za ka gaya mini wanda zan jira ba."



Duk hunturun nan Tessa ba ta yi kuka a gaban kowa ba. A mota take yi da safe, kafin inji ya ɗumama, ta share fuska ta shiga asibiti kai a sama. Ta daina bi ta gefen kogin. Dokta Fenwick, abokin aikinta mai haƙora reras, ya fara kawo furanni.

"Yaron kirki ne, kuma ba mai sayar da shi," in ji mamanta.

"Shi ya sa ba mai saye, Mama."

Ta gama karatu da sakamako mai kyau, ta ɗauki hoto tana murmushi, ta koma mota ta yi kukanta.

Dab da narkewar ƙanƙara aka dawo da Callum babban rukuni, ƙungiyarsa ta zo wasa Winnipeg. Tessa ta ƙi zuwa. Orest ne ya kalla a talabijin, ya ga yaron ya kwanta gaban faifai sau uku, na ukun a baki.

Washegari ga Callum a ƙofar ofishinta, riƙe da kofi.

Ta leƙa ciki. "Haƙoran roba ba a sa su a madara, Giɓi."

"Na sani. Rasa abin shigowa da shi na yi."

"Ka ce ba ka juya baya."

"Kunya ce ta kama ni, Likita. Ban so ki gan ni a benci ba."

"Na gan ka ba haƙora, benci ne zai kore ni?" Ta karɓe kofin. "Hau kujera. Buɗe baki. Kada in ji uffan, yau ni zan yi magana."

Ta yi kuwa, har ta gama aikin, hawaye na jiƙa takunkuminta.

Da bazara aka ɗaura aure, lokacin hutun wasa. Orest ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Na ga yadda kake tare faifai, yaro. Haka za ka tare mata. Allah ya ba ku zaman lafiya a duk garin da aka sayar da ku."

Da aka sa kiɗa, Callum ya kama hannuwanta biyu, ya soma ja da baya a hankali, idonsa cikin nata. Ta bi shi, ba tangaɗi.