Ranar da Adama Ta Nemi Ruwa

Wata Laraba Hafizu ya fara ganin Khairunnisa, a wani ƙaramin asibiti a Daura inda take kula da masu ciwon damuwa. Ƙanwarsa Adama ya ɗauko daga Mashi a babur. Wata uku ke nan da ta gudo daga gidan mijinta Ɗantsoho da karyayyen hannu, tun ranar ba ta ƙara magana ba.

Khairunnisa ba ta tambaye ta komai ba. Kujera ta ajiye mata kusa da ƙofa.

"Duk sanda kika so fita, ki fita," ta ce. Ta dubi Hafizu. "Malam, kada a matsa mata a gida. Kada a taɓa ta ba a sanar da ita ba, ko Innarku ce."

Har ya isa Mashi muryarta na kunnensa.

A zama na biyar Adama ta ɗago kai ta ce, "Ruwa." Hafizu na bakin baranda, ya kasa riƙe hawaye. Ya tura saƙo: "Malama, kin dawo mana da muryarta, kin kuma tafi da zuciyata."

"Ita ta dawo da abarta," ta amsa. "Ɗayar maganar, ba yanzu ba. Ƙanwarka na hannuna."

Ya ɗauka ƙi ne, ya janye jiki.

A satin Ɗantsoho ya fara kafe babur a tsallaken asibitin. Ba ya magana, kallo kawai. Sai saƙo ya shigo wayar Khairunnisa: "Na san gidanku. Na san hanyar da kike bi."

Ta nuna wa Hafizu.

"Ki bar aikin nan, Nisa," ya ce, bai san sunan ya fito ba.

"In na gudu, me zan ce mata na koya mata?"

Daga ranar kullum sai Hafizu ya biyo ta a baya har ƙofar gida. Inna ta ji labari, ta kira shi.

"Mai raba aure za ka kawo min? Ba da yawuna ba."

Adama ce ta fito daga ɗaki, ta durƙusa. "Inna, sau uku na kawo ƙara, kika ce in yi haƙuri. Ita ce ta fara cewa ba laifina ba ne."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

A kotun shari'a Adama ta yi bayani da bakinta, Ɗantsoho na zuba mata ido. Alƙali ya raba auren, ya ga saƙon barazanar, ya sa aka tsare Ɗantsoho.

Sai da aka sallami Adama daga asibitin da wata biyu saƙon Khairunnisa ya iso wa Hafizu: "Masoyi, yanzu ka turo magabatanka."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya, Inna ta kama hannunta ta daɗe ba ta saki ba.

"Ki yafe min, 'yata. Allah Ya tsare min ku, Ya ba ku zaman lafiya."