Makullin Oom Jafta

Ranar da kulob ɗin masu tsofaffin motoci na Cape Town ya biyo gaɓar kogin Breede, Marlise na bayan kanta tana zuba wa baƙi giyar inabi su ɗanɗana. Aikinta ke nan a gonar da aka haife ta. Motocin suka jeru sai ƙyalli suke, masu su kuwa sai lallaɓa su suke kamar jarirai.

Wani mai jar mota ƙirar Cortina ya ƙi karɓar kofi.

"Tuƙi nake," ya ce. "Ke fa, wacce kika fi so?"

"Ban taɓa kai ta bakina ba."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Da giyar nan aka riƙa biyan kakanta ladan aiki, ita ce kuma ajalinsa. Saurayin ya ga fuskarta, ya haɗiye dariyarsa. Sunansa Elroy, bakanike ne, kuma bai bar gonar ba sai da lambarta.

Saƙo ya fara zuwa: "Zumata, yau na ɗaura taya a baibai saboda tunaninki. Yaushe zan zo gaida Oom, babanki?"

Ta so shi, so mai tsanani. Amma da ya kawo zancen aure sai ta kauce, har zargi ya shige shi. Ya rubuto: "In akwai wani, faɗa min. Ba na son wasa da hankali."

Ta kira shi tana kuka, ta fayyace masa komai. A gonar nan gida na mai aiki ne. Mahaifinta, Oom Jafta, yankan inabi ya gama da bayansa, albarkacin aikinta kawai yake zaune a ɗakinsa. Ranar da ta tafi, ranar za a karɓi makulli. Ga kabarin mahaifiyarta a bayan gidan, kullum sai ya je ya zauna.

Asabar ta zagayo, sai ga Elroy da hula a hannu.

"Oom, na ga manaja. Zan rufe garejina in dawo gyaran tarakta a nan. Gida ya tsira."

Daɗi ya kama Marlise. Tsohon ya daɗe yana kallon saurayin.

"Ban ba ka ita ba."

"Pa!" in ji Marlise.

"Yi min shiru. Ubana aikin kaka ɗaya ya zo yi a gonar nan, ga shi can kwance. Ni ma na ce zan fita, dube ni. Yanzu kai, da hankalinka da sana'arka, za ka kawo wuya ka ɗaure min jikoki? In sonta kake, fitar da ita."

"To kai fa, Pa? Mama fa?"

"Mamarki ba ta bukatar makulli."

Ta roƙe shi har muryarta ta dushe, bai sauya ba. Da kansa ya taka zuwa ofis, yana dogara sanda, ya ajiye musu makullinsu. Manajan ya ce an gode, ya koma kan wayarsa. Ladan rayuwa guda ke nan, abin takaici.

Aka ɗaura aure a ƙaramin cocin garin Robertson. Ƴan kulob suka zo gaba ɗaya da fararen ƙyallaye a jikin motoci, suka wuce gonar kwasar kaya: katifa a saman wannan, tukwane a but ɗin waccan. Amarya na gaba kusa da angonta, tsohon da zai koma zama da su na baya shi kaɗai.

Da suka zo daidai kabarin, Elroy ya rage gudu. Marlise ta waiwaya, ta ga mahaifinta ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce daga cikin hular. "Ya ba ku ƴaƴa masu gidan kansu. Taka motar nan, yaro. In ka tsaya, zan sauka."