Wanda Bai Taɓa Ganin Sufeto Ba

"A ina ka kalla?"

Kellu ta tsaya cak a ƙofar shagon, littattafan ɗalibanta rungume a ƙirji. Zarami ya ɗago kai daga rediyon da yake gyarawa.

"Kallon me, hasken raina?"

"Ajiye hasken nan tukuna. Ina ba ka labarin wasan jiya, ban ma kai inda Sufeto ya shiga kicin ba, sai ka ce ai kukun ne ya sa gubar. Wa ya faɗa maka?"

"A gari... na ji ana faɗa."

"Ƙarfe bakwai na safe? Ni ce mutum ta farko da ta tsaya a shagon nan, ko ƙofa ba ka gama buɗewa ba."

Ya sunkuyar da kai yana juya sukundireba. Nan idonta ya sauka a kan damtsensa na hagu, inda wasu ƙwarzane dogaye guda uku suka yi ja, sababbi fil.

"Wannan kuma fa?"

"Aiki ne."

"Rediyo ta fara yaƙushi ke nan."

"Kellu, wallahi ban taɓa kallon wasan nan ba, ko sau ɗaya."

Ta dube shi har sai da ya kau da ido. Shekara biyu suna tare bai taɓa kau da ido daga gare ta ba. Ta juya ta kama hanyar makaranta, ba sallama.

Duk wanda ya san Kellu 'yar Alhaji Abatcha ya san abu biyu ne ba a taɓa mata: Zarami da wasan Sufeto Babaji. Tun tana kwalejin horon malamai a Maiduguri ta kamu da wasan. Shekara huɗu ke nan ana yinsa a talabijin duk Alhamis da ƙarfe biyar da rabi, kowane mako da sabon laifi, kowane mako Sufeto ya bi diddigi har ya damƙe mai shi. Da ta dawo Potiskum koyarwa, rashinsa ya fi rashin ruwan famfo damunta.

Sai ga Muhammadu Lawan, ɗan ƙanen mahaifinta, ya sauke akwatin talabijin daga Kano a tsakar gidan su Kellu da ke unguwar Hausari, da batirin mota da eriya a kan dogon ƙarfe. Kyauta ce, in ji shi. Kyautar kuwa ba ta kwana uku ba ya biyo ta da maganar aure. A makon ne Alhaji ya ce kada mai gyaran rediyon nan ya sake taka masa ƙofar gida.

"Ba zan yi miki dole ba," ya ce da ita. "Amma mutumin da duk dukiyarsa ba ta wuce cikin akwatin katako ba, ban ga abin da zai riƙe ki da shi ba. Ki yi tunani."

Mako uku akwatin bai nuna komai ba sai yashi da ƙara. Kellu har kuka ta yi a shagon Zarami. A mako na huɗu hoto ya fito tas, ga Sufeto da hularsa da sandarsa. Lawan, da ke murɗa wani maɓalli a lokacin, ya miƙe yana karɓar yabo kamar shi ya ƙera akwatin.

Daga nan Alhamis ta zama ranar gidan Alhaji. Maza a gaba kan tabarmi, mata a baya, unguwa ta yi tsit har ka ji kukan kurciya. Kowa da abin da ya kawo shi. Alhaji yana son ya riga Sufeto gano mai laifi, kuma bai taɓa dacewa ba. Ya Kaka, kakar Kellu, zuwa take ta zagi mugu ido da ido, da Hausarta mai gardin Barbarci. Ita kuwa Kellu abin da ke riƙe ta daban ne: a cikin akwatin nan ƙarya ba ta kwana. Kafin a kira magariba gaskiya ta fito, wanda aka zalunta ya share hawaye, kowa ya tashi da sanyin zuciya. Kashegari kuma ta biya ta shago ta zayyana wa Zarami komai, tunda shi an hana shi shiga.

Yau ga shi ya san ƙarshen labarin da ba ta ba shi ba.

"Au, sai yanzu kika sani?"

Gumsu ce, ƙanwar Lawan, tana yi mata kitso da yammacin ranar. Muryarta ta yi laushi, irin laushin da ke sa Kellu ta ƙara buɗe kunne.

"Duk Alhamis biyar na yi yake rufe shago. Ki tambayi kowa a layin. Talabijin nawa ne a kusa da mu? Namu, sai na gidan su Yelwa a Dogo Nini."

"Wace Yelwa?"

"Mai faratan nan ja. Wadda ya gyara wa rediyo har sau uku a wata ɗaya." Ta ja gashin da ɗan ƙarfi. "Ni dai tausayinki nake ji, 'yar'uwa. Juma'a mai zuwa manyanmu za su zo wurin Baba jin amsarki. Kada ki ƙi na gida saboda wanda ke kallo a kan tabarmar wata."

Farata ja. Ƙwarzane uku.

Kwana shida ba ta bi ta layin shagon ba. Ta cire zoben azurfar da ya ba ta, ta ƙulle a bakin gyale, da niyyar mayar masa ranar Juma'a da safe, ta dawo ta ce wa mahaifinta ta amince da Lawan. Tana son Zarami, so mai ciwo, amma ba za ta zauna da mutumin da zai rantse mata yana kau da ido ba.

Ranar Laraba Alhaji ya shigo rai a ɓace.

"An ga sawun mutum a bayan katanga, gindin dalbejiya. Ba na jiya ba ne kaɗai, hanya ce har ta fito. Wani ya san duk Alhamis hankalinmu na kan akwati."

"Ɓarawo ne, Baba," Lawan ya ce da sauri. "Ko mai leƙen mata."

Ya Kaka ta tofar da goro. "Ɓarawon da wata huɗu bai ɗauki ko ludayi ba? Wannan rago ne."

Maganar ta tsaya wa Kellu a rai. Sufeto yakan ce kada a fara da tambayar wa ake zargi, a fara da tambayar me ya canja, kuma yaushe. Ta zauna bakin gado tana lissafa Alhamis ɗaya bayan ɗaya. Tunda hoto ya gyaru, sau ɗaya tak ya sake lalacewa. Ranar Lawan ya murɗa maɓalli har gumi ya jiƙa masa riga, yashi bai tafi ba. Makon nan ne kuwa... makon da Zarami ya tafi Jos sayo kayan gyara.

Ta ce a ranta ko son zuciya ne ke neman yi masa hanya. Sai ta gani da ido.

Alhamis ta zo, gida ya cika. An kashe wani attajiri a wasan, mutum huɗu ake zargi, Alhaji ya riga ya rantse direba ne. Sufeto ya tara su a falo, ya ɗaga sanda, kowa ya riƙe numfashi.

A daidai nan Kellu ta miƙe, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zame ta ƙofar baya.

Ga takalmansa a gindin dalbejiya, an jera su a natse kamar a ƙofar masallaci.

Ta ɗaga kai. Yana zaune a kan reshe cikin duhun ganye, ya ba gidan baya, hannayensa biyu sun miƙe ta gefe sun rungume ƙarfen eriyar da ke jingine da katanga. Kunnensa a karkace, in ƙara ta taso ya juya ƙarfen kaɗan har ta kwanta. Wani busasshen reshe na gogar damtsensa na hagu.

"Zarami..."

Ya dubo ƙasa, idonsa ya yi waje.

"Koma ciki, don Allah, yanzu zai faɗi sunan."

"Ɓarawo! Ga ɓarawon nan!"

Gumsu ce ta biyo sawunta. Zarami ya firgita, ƙarfen ya kuɓuce ya juya, daga cikin gida kuma aka ji mutum arba'in sun yi salati lokaci ɗaya. Kafin ya sauko maza sun zagayo da sanduna, Alhaji a gaba.

"Kai ne?" in ji Alhaji. "Na hana ka ƙofa, ka biyo ta katanga kana leƙa mini iyali?"

"Na faɗa, Baba," in ji Lawan. "A kai shi wurin 'yan sanda."

Zarami ya durƙusa. Kellu ta shiga tsakani.

"Baba, ka ba ni izini in yi tambaya uku."

Alhaji ya harare ta. Ya Kaka, da ta iso tana dogara sanda, ta ce, "Bar ta. Kai kullum direba kake kamawa."

"Ta farko: yaushe hoto ya ɗauke yanzu?"

Wani daga baya ya ce, "Da aka yi ihu."

"Da ya saki ƙarfen ke nan. Ta biyu: Baba, dubi reshen. Ina ɓawon ya goge?"

Alhaji ya matsa ya ɗaga kai. Inda ake zama ya yi sumul, inda ƙafa ke tokarewa ma ya goge, duk ta ɓangaren titi. Wanda ya zauna a nan, gidan na bayansa.

"Wata huɗu yana zama a nan, bai juyo ko sau ɗaya ba, da reshen ya nuna. Ta uku ta Yaya Lawan ce." Ta juya gare shi. "Tunda kai ka gyara akwatin, shiga ka dawo mana da hoton."

Lawan ya dubi ƙarfen, ya dubi farar rigarsa, ya ce ai abin sai an natsu. Gumsu ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

Alhaji ya dubi saurayin da ke durƙushe.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ranka ya daɗe, ka ce kada in taka ƙofarka, ban taka ba. Na san in aka ji ina hawa nan, sunanta ne zai ɓaci kafin nawa. Ita kuma ba ta iya ɓoye abu ba, fuskarta ke faɗa."

"To me ka samu a ciki? Ko hoton ba ka gani."

"Ta yi kuka a shagona, ranka ya daɗe. Abin da na iya ke nan."

Alhaji ya yi gyaran murya, ya dubi agogonsa.

"Saura minti huɗu. Hau ka dawo mana da Sufeto. In an tashi ka zagayo... ta ƙofa."

Ba direban ba ne, ƙanen mamacin ne. Amma ranar Alhaji bai ji haushi ba. Bayan magariba ya ce da Zarami ya turo manyansa, Juma'ar da aka sa wa wasu ta zama tasu. Ya ce wanda ya riƙe ƙarfe wata huɗu bai gaji ba, bai kuma waiwaya ba, zai iya riƙe mace.

A zaure Kellu ta kwance bakin gyale, ta fito da zoben. Hawaye suka zubo mata.

"Gobe na so in mayar maka. Na zarge ka da Yelwa. Ka yafe mini."

"Ni na ja, da na kau da ido." Ya karɓa ya mayar mata a yatsa. "Amma akwai laifi ɗaya da Sufetona ba ta gano ba."

"Wanne?"

"Ƙusa biyu da waya sun isa su tsayar da ƙarfen nan tun ranar farko."

"To me ya sa...?"

"In na kafe shi, da wane dalili zan zo in ji dariyarki? Daga reshen nan ina jin ta, ta fi ta kowa tashi."

Ta rufe fuska da tafin hannu don kunya da daɗi.

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Alhamis ta farko da suka zo gaida su Alhaji, an riga an kafe ƙarfen da ƙusa biyu. Ya Kaka ta ja tabarma ta zaunar da ango kusa da amaryarsa, ta ce wanda bai so ba ya hau dalbejiya. Kiɗan wasan ya tashi, Sufeto Babaji ya fito da hularsa da sandarsa.

Zarami ya ƙura wa akwatin ido, baki buɗe. Can ya karkato ya raɗa mata:

"Kellu... ashe gajere ne?"

Dariya ta ƙwace mata har Alhaji ya juyo yana cewa a yi shiru. Zarami bai ji kunya ba ko kaɗan. Karo na farko ke nan da ya ji dariyarta ta Alhamis babu katanga a tsakaninsu.