Zango Na Biyu a Zauren Malam Zarami

Da Tasi'u ya dawo Haɗeja bayan shekarun da ya yi a Legas, kusan komai ya tarar an juya masa shi. Gidan kallon ƙwallo na bakin layinsu ya zama kantin magani. 'Yan acaɓa sun ragu, keke-napep ta cika titi. An sare darbejiyar ƙofar gidansu saboda wayar wuta, ambaliya ta ci katangar baya an sake ta da bulo, ɗakinsa kuwa Iya ta mai da shi ma'ajiyar buhunan shinkafar da take gumi. Ita kanta Iya sai ta dafa gwiwa yanzu kafin ta miƙe. Abu ɗaya ya yi imanin bai motsa daga inda ya bar shi ba: Zulfa, 'yar Malam Zarami mai sayar da bandar kifi, tana nan tana jiransa.

Ran nan bayan la'asar ya fito tsakar gida yana gyara hula. Iya tana juya shinkafa a bakin tukunya, hayaƙi ya sa idonta ja.

"Ina za a je da turare haka, kamar kwalba ta fashe?"

"Gidan Malam, Iya."

"Da magana a bakinka za ka, ko da waya a hannunka?"

"Haba Iya, yaushe ma na dawo?"

"Yarinyar nan ƙannenta biyu sun riga ta ɗaki, Tasi'u. Ni na gaji da kauce wa uwarta a gidan biki."

Ya yi dariya ya fice, don ya san in ya tsaya maganar za ta yi tsawo.

Abin da ke cikin wayar tasa kuwa wani shiri ne na ƙasar waje mai suna Yaran Inuwa, wanda ake fassarawa da Hausa. Labarin 'yan makarantar kwana ne da ke bakin wani tafki, a ƙarƙashin tafkin kuma akwai garin aljanu. Mai fassarar ya raɗa wa jarumin suna Jarmai, budurwarsa kuma Kyauta. Duk zaman Tasi'u a Legas, wannan shiri ne ya riƙe hirarsu da Zulfa. Shi ya kalla a can bayan ya tashi daga lodin kayan gwari, ita ta kalla a nan, sannan su yi waya su tsefe shi. In ta tambaye shi yaushe zai dawo, sai ya ce bayan Sallah, ya ja ta zuwa maganar Jarmai. A ƙarshen zangon farko Jarmai ya faɗa tafkin don ya rufe ƙofar aljanu, Kyauta ta durƙusa a bakin ruwa ta rantse ba za ta kalli kowa ba sai ya fito. Nan suka yi wa juna alkawari: sabon zango ba mai kallo sai suna tare.

Ya biya ta shagon Modu mai tura fim ya karɓi kashi na farko na sabon zangon.

"Kai ma ka zo?" in ji Modu. "To ka riƙe tsakinka da kyau. Duk wanda na tura wa sai ya dawo yana harara ta kamar ni na haɗa shi."

A zauren Malam Zarami, Zulfa ta shimfiɗa tabarma ta zauna can bakin gefe, kamar yadda aka saba. Amma fuskar waya ƙarama ce, ga hayaniyar injin casa a maƙwabta. Tasi'u ya fito da iyafis, ya sa ɗaya a kunnensa, ya miƙa mata ɗaya.

"Igiyar ba ta kai ba," ta ce.

"Matso mana."

"Tasi'u, nan ba Legas ba ne."

"Minti nawa ne? Matso kawai."

Ta waiwaya ƙofa, ta ɗan matso, har mayafinta ya taɓa kafaɗarsa.

Tun daga fari ransa ya soma ɓaci. An sauya mai fassara, aka kawo wani mai siririyar murya da ke cusa barkwanci inda ake kuka. Aljanun da a da ba a ganinsu sai inuwa, yanzu an fito da su ƙuru-ƙuru da fuskokin roba kamar na 'yan tashe. Aka ci rabin shirin babu Jarmai babu labarinsa. Kyauta ce kawai, ta zama shugabar ɗalibai, tana dariya da wani sabon yaro mai tabarau. Sai dab da ƙarshe ruwa ya tsage, Jarmai ya fito jiƙe sharkaf yana kiran sunanta. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka makara." Aka sa rubutu.

"Shi ke nan?" Tasi'u ya daki cinyarsa. "Wannan muka yi ta jira? Mutum ya shiga garin aljanu saboda ke, ya fito ki ce ya makara? Ina rantsuwar? Wallahi sun kashe fim ɗin nan. Wannan ai cin amana ne tsagwaronsa."

Bai ji sallama ba. Bai ji ta biyu ba. Sai da ya ji an fizge igiyar daga kunnensa, ya ga Zulfa ta yi tsalle gefe ta durƙusa kanta a ƙasa, sannan ya lura da takalman da ke tsaye a gabansa. Shi kuwa ga shi zaune ya miƙe ƙafafu sun tare hanyar shiga gida, bakinsa a buɗe.

Ya yunƙura zai durƙusa, waya ta suɓuce, hula ta bi ta.

"Zulfa, shiga ciki," in ji Malam Zarami, muryarsa a kwance.

Ya zauna a kan dakali, ya dubi Tasi'u.

"Mahaifinka, Allah Ya ji ƙansa, ko a kwalekwale muka haɗu sai ya ajiye filafili ya gaishe ni. Ban ce ka yi da gangan ba. Kunnenka ne a toshe. To amma ya daɗe a toshe, Tasi'u. Na aika maka, Iyarka ta yi maka magana, kullum bayan Sallah."

"Baba, a yi haƙuri, wallahi..."

"Haƙuri ai shi muke ta yi. Ban hana ka ita ba, ba kuma zan ba da ita ga wanda ba ta so ba. Amma ba zan ɗaura wa 'yata aure da mutumin da ba a san garin da zai kwana baɗi ba. Gonar mahaifinka tana Guri, kacala ta cinye ta, ciyawar nan ta toshe hanyar ruwa har kawunka Haladu ya gaza. Ka je ka sare ta, ka yi noman rani ɗaya. In na ga shinkafarka, manyanka su zo a sa rana. In kuma Legas ɗin ce, Allah Ya tsare hanya, amma zaurena ka bar shi. Kafin nan ma babu zance."

Tasi'u ya koma gida. Kamar da gangan, bai gama cire takalmi ba ogansa na Legas ya kira: an buɗe sabuwar rumfa, in ya iso cikin makon nan shi za a damƙa wa, in ya wuce a ba wani.

Da ya faɗa wa Iya, sai ta ajiye muciyar da ke hannunta.

"To me ka ce masa?"

"Iya, shekaruna nawa ina ɗaukar kwando a ka don in samu wannan? Yanzu a ce in shiga taɓo da matsattsaku ina yankan ciyawa? Ni ban iya zaman garin nan ba, kwana kaɗan na yi har na fara jin numfashina yana toshewa."

"Taɓon nan shi ya raine ka."

"In na kafu zan dawo in ɗauke ta. Zulfa za ta jira, na san ta."

Iya ta sa gefen zani ta share ido, ba hayaƙi ba ne wannan karon. "Ni ma haka na ce wa kaina, ɗana zai dawo. Ranar da ruwa ya shigo gidan nan, maƙwabta ne suka fitar da ni a kafaɗa. Ni uwa ce, ba ni da wani ɗan da zan sauya. Ita fa?"

Washegari da hantsi ya kira Zulfa. Ta daɗe kafin ta ɗauka.

"Kin ga abin da fim ɗin banzan nan ya jawo mana?" ya fara.

"Ba fim ba ne ya jawo."

"Ke ba ki ji haushinsa ba? Ko tsaki ban ji kin yi ba."

Ta ce, "Na riga na kalla, Tasi'u. Tun ranar da ya fito. Na kasa haƙuri, ka yafe mini wannan. Na kalla, na sake kalla, na yi kuka har yayata ta zaci ciwo ne."

"Kin karya alkawari ke nan."

"Na karya ɗaya. Kai fa?"

Sai ya koma inda ya saba fakewa. "Amma dai kin yarda Kyauta ba ta kyauta wa Jarmai ba."

"Shi yana can ƙarƙashin ruwa ana ta nuna jaruntarsa. Ita ba wanda ya nuna mana yadda take wayar gari. Ba a nuna ana mata gori a biki ba, ba a nuna uwarta tana kallonta tana kawar da kai ba. Kai ka ji haushi ne don ka saba a jira ka. Ni kuwa na yi kuka ne don na ga ta iya faɗin abin da na kasa."

"Zulfa, an ba ni rumfa a Legas. Shekara ɗaya kacal nake roƙo."

"Ba zan hana ka ba. Ina son ka, Allah Ya sani, ba kuma wani a raina. Amma in ka hau motar nan kada ka kira ni, don ba zan ɗauka ba. Ba fushi nake ba. Ƙarfina ne ya ƙare."

Muryarta ba ta yi rawa ba, wannan ne ya fi tsorata shi. Da ta yi kuka da ya san yadda zai lallashe ta.

Ya fita ya bi bakin kogi ba tare da ya san inda za shi ba. Masunta na jan koma, mata na shanyar shinkafa a kan leda, kowa da abin da ya kafa shi a wurin. Ya tuna bai taɓa tambayar Zulfa yadda take ba a duk wayoyin nan, sai dai ya tambaye ta ko ta kalli na wannan makon. Sau biyu ya ciro waya zai ce wa oga yana tafe. A na uku ya kira ya ce a ba wani. Da ya kashe wayar, bai ji wani sanyi a ransa ba, sai tsoro.

Da yamma ya je ƙofar gidan Malam Zarami, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya ce gobe zai wuce Guri.

"Allah Ya sa albarka," in ji Malam. "Kacala ba ta fita a sara ɗaya, ka sani. Za ta sake tsirowa, ka sake komawa." Ya ɗan juya wajen labulen zaure, inda wata inuwa ta tsaya cak. "A faɗa wa mutanen ciki su daina kuka haka nan."

Haka Zulfa ta ga ranar haƙurinta, ba don ta ci gaba da shiru ba, sai don ta faɗi gaskiya lokacin da ya kamata. Soyayyar da mutum ɗaya ke ta jira, ɗayan yana ta yawo, ba ta da nisa. Wanda ake haƙuri da shi, wajibi ne wata rana shi ma ya ɗauki nasa rabon.

Da safe Tasi'u ya zazzage jakarsa ta Legas a tsakar gida. Ya ware wandunan jins da fararen takalma gefe, ya cusa tsofaffin riguna da gidan sauro. Iya ta kawo masa ƙullin garin kunu da man shafawa saboda kaushi.

"Za ka iya kuwa?" ta tambaya, tana duban tafin hannunsa.

"Ban sani ba, Iya."

"To, ka dai je."

Ya zuge jakar, ya tsuguna a bakin dutsen washi, ya soma wasa adda.